Uku, Huɗu, Biyar: Darasin da Muka Koya a Filin Ƙwallo

Barkanmu da sake haɗuwa a Zauren Lissafi na jaridarmu ta bango. A wannan fitowa mu 'yan aji biyu aka ba dama, kuma darasinmu a kan alwatika ne, irin wadda ɗaya daga cikin kusurwoyinta take digiri 90 cif. Mun san akwai waɗanda da sun hango lamba a bango sai su ƙara sauri. Don Allah a tsaya. Mu ma da haka muke, sai da muka ji kunya a filin ƙwallo sannan muka zauna muka koya.

YADDA ABIN YA FARO

Ana saura kwana huɗu a fara gasar wasanni ta gidaje, malamin wasanni ya ba ajinmu aikin shata filin ƙwallon raga. Ya ce tsawo mita 18, faɗi mita 9, kamar yadda dokar wasan ta tanada. Kowa ya kawo toka daga gida, muka ari tef da igiya, muka fere itace muka yi fegi huɗu. Muka auna 18, muka auna 9, muka sake auna 18 da 9, muka zuba toka a kan layi. Mun gama muna ta murna.

Washegari da 'yan aji uku suka zo gwaji, sai gardama ta tashi. Wasu suka ce filin ya karkace, kuma wai mun yi haka ne da gangan don gidanmu ya ci riba. Mu kuwa muka rantse mun auna daidai. Aka sake sa tef a gaban kowa: 18, 9, 18, 9, babu ko ɗan yatsa da ya ragu. Duk da haka in mutum ya tsaya daga nesa sai ya ga filin kamar an ture shi gefe guda. Malam ya ce ya ba mu zuwa Juma'a, in ba mu gyara ba zai karɓi aikin ya ba wani aji.

Akwai wani dattijon magini da ke gyaran katangar makaranta, yana ta kallonmu tun safe. Ya ajiye cokalinsa ya zo, ya ce, "Ɗiyana, wanga hili naku ba sukwaya yake ba." Muka ce, "Baba, ai mun auna, komai daidai ne." Ya ce mu ja tef daga wannan kwana zuwa kwanar da ke kallonta ta tsakiyar fili. Muka samu mita 20.9. Ya ce mu ja ta ɗaya ɓangaren. Muka samu 19.3. Ya yi dariya ya ce da filin daidai yake, da awon biyu ɗaya za su zama.

Daga nan ya nuna mana yadda suke yi in za su kafa harsashin ɗaki. Daga fegin kwana ya auna ƙafa 3 a kan igiya ɗaya ya yi alama, ya auna ƙafa 4 a kan ɗaya igiyar ya yi alama, sannan ya riƙa matsar da igiya guda a hankali har tsakanin alamomin biyu ya zama ƙafa 5 daidai. Ya ce, "To, yanzu kwana ta zauna." Muka tambaye shi dalilin da ya sa sai 3 da 4 da 5. Ya ce haka ya gani wurin ubangidansa, shekara da shekaru yana aiki da shi bai taɓa ba shi kunya ba, amma dalili sai mu tambayi malaminmu na lissafi. Abin da muka gano bayan mun tambaya shi ne muka kawo muku.

KALMOMIN DA ZA MU YI AIKI DA SU

Kusurwar sukwaya ita ce mai digiri 90, kamar kwanar littafi, ko kwanar allo, ko inda bango ya haɗu da daɓe. A alwatika mai irin wannan kusurwa akwai gajerun gefe biyu, su ne suka haɗu suka yi kusurwar. Za mu kira su a da b. Na uku shi ne dogon gefe, wanda ke fuskantar kusurwar, malam na kiransa haifotanus. Za mu kira shi c.

Murabba'i kuwa siffa ce mai gefe huɗu masu tsawo ɗaya, kwanoninta duka sukwaya. Girman fili shi ne yawan ƙananan gidajen da za su cika siffa. Duk wanda ya taɓa kallon dattawa suna dara ya san wannan lissafi: layi 5 ne, kowane layi gurbi 6, gurbi 30 ke nan, ba sai an ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba. Haka murabba'i mai gefe 3 yake da gida 3 sau 3, wato 9. Ana rubuta shi 3².

GWAJI NA FARKO: ƘIRGA GIDAJE

Malam bai ba mu amsa ba. Cewa ya yi kowa ya buɗe tsakiyar littafinsa na lissafi mai gida-gida. Ku ma za ku iya yi yanzu.

Ka zana layi a kwance mai tsawon gida 4. Daga ƙarshensa ka zana wani a tsaye mai tsawon gida 3. Ka haɗa bakinsu da rula. Ka sami alwatika. Yanzu ka gina murabba'i a kan kowane gefe, kamar kana gina ɗaki uku kewaye da tsakar gida mai kusurwa uku.

Ɗakin da ke kan gefen 3 yana da gida 9. Ɗakin da ke kan gefen 4 yana da gida 16. Waɗannan babu wuya. Na ukun ne matsala, domin a karkace yake, layukansa sun yayyanka gidajen littafin. Wata 'yar ajinmu ta yi ƙoƙarin haɗa guntaye ta ce 24, wani ya ce 26, aka fara musu.

Ga dabarar da ta raba gardama. Ka zana babban murabba'i da zai rufe karkataccen nan, yadda kowace kwanarsa za ta taɓa bangon babban. Za ka ga gefen babban gida 7 ne, wato 3 da 4. Girmansa 7 sau 7, wato 49. A kwanoninsa huɗu akwai alwatika huɗu, kowace irin tamu ce sak. Kowace alwatika rabin akwati ce mai 3 da 4. Akwatin gida 12 ne, rabinsa 6. Huɗu sau 6 ya ba da 24. In ka ɗebe 24 daga 49, saura 25.

To ku duba: 9 da 16 nawa ne? 25. Ƙananan ɗakuna biyu in aka haɗa su, girmansu ɗaya da babban ɗaki. Kuma wace lamba ce in aka ninka ta da kanta za ta ba da 25? Ita ce 5. Ga ƙafa 5 ɗin Baba magini ta fito da kanta, ba mu ko sa rula a kan dogon gefen ba.

Wani ɗan ajinmu ya ce ai dace ne kawai. Sai muka gwada da 5 da 12. Ƙananan ɗakuna: 25 da 144, jimla 169. Babban murabba'in da ke rufewa gefensa 17 ne, girmansa 289. Kowace alwatika rabin 60 ce, wato 30, huɗu sun zama 120. An ɗebe 120 daga 289, saura 169. Ya sake fitowa daidai, kuma 13 sau 13 ne ke ba da 169.

GWAJI NA BIYU: GERO DA KWALI

Gani ya kori ji. Mun sami kwalin taliya a shago, muka yi ƙananan akwatuna uku marasa murfi. Gindin na farko santimita 9 da 9, na biyu 12 da 12, na uku 15 da 15. Muka cika na farko da na biyu da gero, muka shafe samansu da rula, muka juye duka a cikin na uku.

Karon farko geron bai cika shi ba, har masu cewa ƙarya ne suka fara tafi. Da muka duba sai muka ga babban akwatin ya fi sauran zurfi. Laifinmu ne wajen yanka. Muka rage bakinsa har zurfin duka uku ya zama santimita 3, muka sake juyewa, gero ya cika shi fal, bai zube ba bai kuma rage ba. Lissafin shi ne 81 da 144 sun zama 225, kuma 15 sau 15 ma 225 ne. Wanda zai gwada a gida ya tabbata zurfin ɗaya ne, kuma ya nemi izinin Inna kafin ya taɓa mata gero. Rairayi ma yana yi.

ME YA SA KULLUM HAKA YAKE FITOWA?

Malam ya ce ko mun gwada alwatika dubu, ba mu gwada ta dubu da ɗaya ba. A lissafi ana son hujjar da za ta rufe dukkansu lokaci guda. Wannan shi ne wurin da ya fi mana daɗi, don haka a bi a hankali.

Ka yanka alwatika mai sukwaya daga kwali, kowace iri ka ga dama, ba sai ka auna ba. Ka ɗora ta a kan kwali ka yanka wasu uku irinta, su zama huɗu. Sannan ka zana murabba'i a ƙasa wanda gefensa ya kai tsawon a da b in an jera su. Mu ɗauka wannan murabba'i ɗaki ne, alwatikan nan huɗu kuma tabarmi ne.

Shimfiɗa ta farko: ka sa tabarma ɗaya a kowace kwanar ɗakin, kusurwar sukwaya ta shige cikin kwana, yadda a jikin kowane bango za a sami a ɗaya da b ɗaya. Tsakiyar ɗaki za ta rage babu tabarma. Wannan wuri gefe huɗu gare shi, kowane gefe c ne. Kwanoninsa ma sukwaya ne, ga dalili: kusurwoyin kowace alwatika in an tara su digiri 180 ne, sukwaya ta cinye 90, saura 90 ga ƙananan biyu. A jikin bango, inda tabarma biyu suka haɗu, ƙananan kusurwoyin nan biyu ne ke zaune a kan miƙaƙƙen layi mai digiri 180. Sun ɗauki 90, abin da ya rage a tsakaninsu 90 ne. Ke nan wurin da babu tabarma murabba'i ne mai girman c².

Shimfiɗa ta biyu: ka kwashe tabarmin, ka haɗa su bibbiyu ta dogon gefe, kowane biyu su zama akwati mai tsawon b da faɗin a. Ka sa akwati ɗaya a kwance a kwanar sama ta dama, ɗaya kuma a tsaye a kwanar ƙasa ta hagu, bakinsu ya taɓa juna. Yanzu wuri biyu ne suka rage babu tabarma: ƙaramin murabba'i mai gefen a, da wani mai gefen b. Girmansu a² da b².

Ɗakin bai canza ba. Tabarmin ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, kuma babu wadda ta hau kan wata. Saboda haka daɓen da ya rage a buɗe dole ya zama ɗaya a shimfiɗa ta farko da ta biyu. Wato:

a² + b² = c²

Ba mu ambaci 3 ko 4 ba a wannan hujja, don haka ta hau kan kowace alwatika mai sukwaya, babba ko ƙarama. Mun manna kwalayen namu a ƙasan wannan shafi, shuɗi da ja, don a gani da ido. Don Allah kada a ɓamɓare.

IN BABU SUKWAYA FA?

Nan ne muka gane abin da ya sami filinmu. Ka ɗauki kara biyu, ɗaya taku 3 ɗaya taku 4, ka haɗa bakinsu da ƙusa yadda za su riƙa buɗewa kamar almakashi. In ka buɗe su sosai, tazarar da ke tsakanin sauran bakin biyu tana ƙaruwa. In ka matse su tana raguwa. Wuri ɗaya ne tak tazarar za ta zama 5, kuma mun riga mun san a sukwaya 5 take. Shi ya sa magini in ya sami 5 ya san kwanarsa ta zauna.

In tazarar ta zama 6, to 6 sau 6 ya ba da 36, ya fi 25, kusurwa ta buɗe ta wuce 90. In ta zama 4 da rabi, murabba'inta 20.25 ne, bai kai 25 ba, kusurwa ta tsuke. Ke nan ƙa'idar ba ta aiki a kan kowace alwatika, sai mai sukwaya kaɗai, kuma da ita ake gane mai sukwayar.

A filinmu gefe huɗu daidai suke, amma kwana biyu sun buɗe, biyu sun tsuke. Abin da ya kamata mu samu daga kwana zuwa kwana shi ne: 18 sau 18, 324, 9 sau 9, 81, jimla 405. Tun da 20 sau 20 ya ba da 400, amsar ta ɗan wuce 20 kaɗan, kusan mita 20 da santimita 12. Mu kuwa mun sami 20.9 da 19.3.

Ranar Alhamis da yamma muka share tsohuwar toka. Baba ya ce a babban fili gara a yi da babban awo don kuskure ya ragu, sai muka ninka komai sau biyu muka yi da mita: 6 a gajeren gefe, 8 a dogon gefe, 10 a tsakani. Wannan ma daidai ne, don 36 da 64 sun zama 100. Da muka gama kwana huɗu muka ja tef ta tsakiya sau biyu, duka suka tsaya a kan 20.1, bambancinsu bai wuce yatsa biyu ba. An buga wasa a filin ranar Asabar. Gidanmu bai ci ba, amma babu wanda ya ce fili ne ya kayar da shi.

ABUBUWA BIYU MASU BAN MAMAKI

Na farko: in kana da fili murabba'i, mita 10 da 10, aka ce ka shata wani murabba'in da ya ninka shi sau biyu, yaya za ka yi? Yawancinmu mun ce 20 da 20. Amma wannan 400 ne, ya ninka 100 sau huɗu. Amsa ita ce ka ja igiya daga kwana zuwa kwanar da ke kallonta, ka mai da wannan igiya gefen sabon filin. Girmansa zai zama 100 da 100, wato 200. Tsawon igiyar kusan mita 14.14 ne. Mai tayil a ɗaki zai iya gani: murabba'in da aka gina a kan layin da ya raba tayil kwana zuwa kwana yana cin rabin tayil huɗu, wato tayil biyu.

Na biyu: ba murabba'i kaɗai ba, da'ira ma tana bin wannan ƙa'ida. Faifai mai faɗin santimita 30 da mai faɗin 40, in aka haɗa girmansu, daidai suke da faifai ɗaya mai faɗin 50. Rabin faɗinsu 15 da 20 da 25 ne, murabba'insu 225 da 400 da 625, kuma kowanne da 22/7 ake ninka shi don a sami girman da'ira. Tun da 225 da 400 sun zama 625, magana ta ƙare.

WA YA FARA GANO WANNAN?

A littafinmu an rubuta sunan Pythagoras a kan ƙa'idar, mu kuma muna cewa Faitagoras. Mutumin Girka ne, an haife shi a tsibirin Samos wajen shekara 570 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya ya koma garin Kuroton a kudancin Italiya ya tara almajirai. Amma an san abin tun kafin shi. A ƙasar Babila, wato Iraƙi ta yau, an tono wani allon yumɓu da aka rubuta wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ana kiransa Plimpton 322, yana ajiye a Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka. A layinsa na farko akwai 119 da 169, waɗanda ke tafiya da 120 kamar yadda 3 da 5 ke tafiya da 4. Mutanen Indiya da na Sin ma sun rubuta ƙa'idar a tsofaffin littattafansu.

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yuklid na birnin Iskandariyya a Masar ya kawo hujjarta da girman fili, ita ce mas'ala ta 47 a kashi na farko na littafinsa. Sabit bin Ƙurra, masanin da ya zauna a Bagadaza ya rasu a 901, ya gyara fassarar littafin Yuklid ta Larabci, ya kuma kawo tasa hujjar ta yanka da jerawa, 'yar uwar wadda muka yi da kwali. James Garfield ya wallafa tasa a 1876, shekara biyar kafin ya zama shugaban Amurka. Wani malami mai suna Elisha Loomis ya tara hujjoji 370 a littafi guda, bugun 1940. A 2023 kuma wasu 'yan mata biyu 'yan sakandare a birnin New Orleans, Calcea Johnson da Ne'Kiya Jackson, suka gabatar da sabuwar hujja a taron masana lissafi, aka buga aikinsu a mujallar masana a 2024. 'Yan matan makarantarmu, kun ji fa.

Kada kuma wani ya ce lissafi na Turawa ne. Nan kusa da mu, Katsina ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan jera lambobi cikin gidajen murabba'i yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Kuma ga maginanmu na Tsafe da Gusau da Bunguɗu suna aiki da 3 da 4 da 5 kullum a gabanmu, ba mu lura ba.

KURAKURAN DA MUKA YI, KADA KU YI

Wannan darasi yana cikin manhajar aji biyu, kuma 'yan aji uku masu shirin BECE su ma ya shafe su. Ga inda muka fi faɗuwa a gwajin da malam ya yi mana:

1. Tara tsawo maimakon girman fili. 3 da 4 ba su ba da dogon gefe, don 7 suke bayarwa. Ɗakunan ake tarawa, ba bangon ba. In wani fili tsawonsa mita 80 ne faɗinsa 60, mai bin gefe zai yi mita 140, mai yanke ta tsakiya zai yi 100. Yanzu mun san dalilin da ya sa masu makara ke tattake mana lambu.

2. Ɗaukar 5² a matsayin 10. Ba 5 sau 2 ba ne, 5 sau 5 ne, wato 25.

3. Tsayawa a rabin hanya. In ka sami c² = 169, ba ka gama ba. Nemi lambar da aka ninka da kanta ta ba da 169, ita ce 13.

4. Tarawa a inda ya kamata a ɗebe. Misali, tsani mai ƙafa 13 an jingina shi da bango, gindinsa na nesa da bangon da ƙafa 5. Ina ya kai a sama? Tsanin shi ne dogon gefe, don shi ke fuskantar kwanar bango da ƙasa. Babban ɗaki 169 ne, ƙarami ɗaya 25, saura 144, amsa ƙafa 12. In ka tara za ka sami amsar da ta fi tsanin kansa tsawo, wanda hankali ba zai ɗauka ba.

5. Mantawa da zane. Kafin ka taɓa lamba, zana alwatikar ka sa alama a kan sukwaya, ka nemo gefen da ke kallonta.

GASAR WANNAN FITOWA

1. Za a gina ɗaki mai ƙafa 12 da 16. In kwanoninsa sun zauna, ƙafa nawa za a samu daga kwana zuwa kwanar da ke kallonta?

2. Tsani mai ƙafa 10, gindinsa na nesa da bango da ƙafa 6. Ƙafa nawa ya kai a jikin bango?

3. Ga alwatika biyu: ɗaya 7, 24, 25, ɗaya 6, 7, 9. Wacce ce mai sukwaya? Wadda ba ta da ita, babbar kusurwarta ta buɗe ne ko ta tsuke?

4. Fuloti mai ƙafa 50 da 100. Awonsa daga kwana zuwa kwana yana tsakanin waɗanne cikakkun lambobi biyu ne da ke bin juna?

5. Ba tare da kalkuleta ba, nuna cewa 119 da 120 da 169 na allon Babila suna bin ƙa'idar.

A rubuta amsa a takarda tare da zane da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya da ke bakin ofishin malamai kafin ranar Laraba. Amsa babu aiki ba ta karɓuwa. Mutum uku na farko da suka ci duka za a rubuta sunayensu a fitowa ta gaba, kuma akwai kyautar biro da rula daga malamin lissafi.

Muna godiya ga malaminmu na lissafi da ya haƙura da tambayoyinmu, da malamin wasanni da ya ƙara mana lokaci, da Baba magini da ya bar aikinsa ya koya mana kyauta. Allah ya saka musu da alheri, ya ba 'yan aji uku sa'ar jarrabawa, ya zaunar da Tsafe da Zamfara lafiya. Wanda ya ga kuskure a lissafinmu ya same mu a aji ya gyara mana.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Daga wakilan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta